RAHAMA SADAU: An rufe mata ƙofa, ta gina nata ɗakin

IDAN ana hirar 'yan fim a majalisar samari a Ikara, ko a rumfar masu tura finafinai a waya a kasuwar Makarfi, ko a gidan biki a Hunkuyi, akwai sunan da in aka ambata sai an rabu gida biyu. Sunan Rahama Sadau ke nan. Wasu su ce ai 'yar jiharmu ce, ta fitar da mu kunya. Wasu kuma su ce wace kunya, ai kunyar ma ita ta ba mu! Amma ko masu sukar ba sa musun abu guda: hukuncin da ya saba binne 'yan wasa mata da ransu ya faɗa kanta, kuma bai binne ta ba.

Mai karatu ba zai gane girman wannan ba sai ya tuna yadda industiri take a zamanin kaset. A wancan lokacin rayuwar jaruma gajera ce. Yarinya za ta fito, ta yi tashe shekara uku ko huɗu, a ga fastarta a kowane shagon haya, sai kawai a ji an ɗaura aure. Fati Mohammed ta 'Sangaya' tana kan ganiyarta ta yi aure ta bar ƙasar. Mansura Isah ta auri Sani Danja a 2007 ta ajiye fitowa. Wadda kuwa aka kora, to tata ta ƙare, domin kasuwa ɗaya ce, tana Kano, kuma furodusoshin da ke ɗaukar 'yan wasa su ne dai 'yan ƙungiyar da ta yi korar. Wa zai saka kuɗinsa a fim ɗin da ba za a karɓa a Bata ba?

A 2007 ɗin nan ne aka yi babbar girgiza, lokacin da wani bidiyon waya ya jawo wa harkar fim bala'i. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka ɗaure Adam A. Zango a kan faifansa na 'Bahaushiya'. 'Yan fim da dama suka tattara komatsansu suka bi titin Zariya, suka wuce ta Tashar Yari, suka sauka Kaduna. A lokacin Rahama ba ta cika shekara 14 ba. An haife ta ranar 7 ga Disamba, 1993, a Kaduna, kuma abin da ya dame ta a wannan shekarun shi ne rawa a makaranta da kallon finafinan Indiya, waɗanda ta nace wa har bakinta ya kama Indiyanci.

Ta shigo fim a 2013 ta hannun Ali Nuhu. 'Gani Ga Wane' ne ya fito da ita, 'Jinin Jikina' ya ƙara ɗaga ta. Ga tsawo, ga iya rawa, ga Turanci a baki, ga kuma rashin tsoron kyamara. Kafin a ce kwabo ta karɓi kambun jarumar jarumai ta Kannywood na City People a 2014, ta sake karɓa a 2015. Har zuwa nan labarinta irin na kowace tauraruwa ne.

Rungumar da ta tada ƙura

Sai ga 2016. Mawaƙin nan ClassiQ ya fitar da bidiyon waƙarsa 'I Love You', Rahama ta fito a ciki. An ga sun riƙe hannu, an ga sun rungumi juna. A fim ɗin Legas ko a jika ba za a sa wannan ba. Amma a fim ɗin Hausa, inda saurayi da budurwa za su yi rawa minti bakwai a gindin bishiya ba tare da ko ɗan yatsa ya taɓa ɗan yatsa ba, wannan babban lamari ne. A farkon watan Oktoba ƙungiyar masu shirya finafinai ta ƙasa, MOPPAN, ta ba da sanarwar cewa ta kore ta daga harkar finafinan Hausa baki ɗaya.

To, a nan ne lissafin ya sha bamban da na da. Ƙungiyar ta yanke hukunci irin na zamanin kaset a zamanin da kowa yake da waya a hannu. Labarin ya fita daga Kano ya shiga kafafen labarai na Ingila da Amurka. Mawaƙi Akon da darakta Jeta Amata suka gayyace ta Los Angeles, ta kuwa je. A watan korar ne kuma tashar EbonyLife ta Legas ta fara nuna 'Sons of the Caliphate', shirin Turanci mai dogon zango a kan siyasa da sarauta a Arewa, inda ta fito a matsayin Binta Kutigi. Wato ana rufe ƙofar gaba, ashe ta riga ta sa ƙafa ɗaya a wani gidan.

Sai dai masu cewa Legas ce ta cece ta sun faɗi rabin magana ne. Abin da ya fi tsaya mata shi ne kamfaninta, Sadau Pictures. A 2017, tana cikin korar, ta shirya 'Rariya', fim ɗin Hausa a kan rayuwar 'yan matan jami'a, Yaseen Auwal ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Washa da Sadiq Sani Sadiq suka fito. A lura da kyau. Ƙungiya tana iya gaya wa furodusa kada ya ɗauki wance. Amma in wance ce furodusar, ita ke biyan darakta da mai kyamara da mai abinci a lokeshin, wa za a gaya wa? Wannan dabarar ce 'yan matan zamanin kaset da yawa ba su samu damar yi ba, domin kuɗin wasan da ake ba su bai kai jarin fim ba.

Duk da haka ba ta yi taurin kai har ƙarshe ba. Ta rubuta takardar ban haƙuri, kuma a Janairun 2018 aka ce an yafe mata. A shekarar ta fito a 'MTV Shuga' a matsayin malama Yasmin, ta kuma fito tare da Banky W a 'Up North', wanda aka ɗauka a Bauchi. A tsakanin nan tana karatu a jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Sayifuros, ta kuma kammala. A farkon 2020 ta kawo 'Mati a Zazzau', fim ɗin barkwanci da Sadiq Sani Sadiq ya ja. Ko don sunan kaɗai, mutanen ƙasar Zazzau sun ji cewa nasu ne.

Hawayen 2020

Rikici na biyu ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. A Nuwambar 2020 ta saka hotunanta a intanet sanye da doguwar riga mai buɗaɗɗen baya. Ana cikin cacar baki a ƙarƙashin hotunan, wani ya yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Nan take magana ta tashi daga sutura ta koma addini. Rahama ta goge hotunan, ta nesanta kanta da kalaman, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafarar Musulmi. MOPPAN ta sake korar ta. Har aka riƙa yaɗa cewa an kama ta an yanke mata hukunci, sai da ta fito ta ƙaryata.

A wannan karon da yawa daga masoyanta na ƙauye da birni sun ja baya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Wadda ta ga abin da runguma ta jawo a 2016 ta san irin idon da ke kanta. Amma zagin da aka bi ta da shi, har da masu fatan mutuwa, ya wuce laifin riga.

Shekara biyu ba su cika ba sai ga ta a fim ɗin Indiya, 'Khuda Haafiz' kashi na 2, na jarumi Vidyut Jammwal, wanda ya fita a Yulin 2022. Fitowar ba mai tsawo ba ce, gaskiya. Amma ga yarinyar da ta koyi yaren a gaban talabijin a Kaduna, ba ƙaramin abu ba ne.

Nisan nan yana da farashinsa. Da yawa daga manyan ayyukanta na bayan kora da Turanci aka yi su, don silima da Netflix. Budurwar da ke Kudan, wadda ke ba ƙaninta 'yan canji ya turo mata fim a memori, ta fi sanin fuskokin 'Izzar So' da 'Labarina', waɗanda ke zuwa mata duk mako. Ta san sunan Rahama sarai, ta san rigingimunta, amma sau da yawa ba ta ga fim ɗin da ake yabon ta a kansa ba.

A watan Agustan 2025 aka ɗaura wa Rahama aure a Kaduna, ba tare da wani dogon shagali ba, shekara 12 bayan 'Gani Ga Wane'. Yawancin masoyanta a waya suka ga labarin, bayan an riga an shafa fatiha.