3.2 Tsarin Jeren Ɗakin Amarya da Yadda Ido ke Karanta Shi

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bici jere ya faro ne daga ƙore, daga baya tasoshi da kwanukan samira suka maye gurbinsu, kafin zuwan kabet da tangaran. Abin da wannan sashe zai duba shi ne tsarin jeren kansa.

Abu na farko da ido ke kamawa shi ne layi. 'Yan jere kan aza babban kwano a ƙasa, su yi ta ɗora ƙanana har kusa da rufi. Wannan raguwar girma takan ja ido sama, sai ƙaramin ɗakin ƙasa ya zama kamar ya fi yadda yake tsawo. Sai kuma launi. Ɗakin soro ba shi da wadatar haske, tagarsa ƙarama ce, don haka farin kwano mai jan fure yakan fito sosai a jikin bango, ƙyallinsa ya ninka ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa.

A ganin mai wannan bincike, maimaici ya fi waɗannan tasiri. Idan kwanuka iri ɗaya suka jeru, ido ba ya ƙirga su, yawa kawai yake gani. Da wannan yawan ne 'yan ganin ɗaki ke auna ƙoƙarin uwar amarya, shi ya sa wasu kan cike giɓin jere da kayan aro.