Daga hoton fasfo zuwa zauren baje koli

Mai ɗaukar hoto a Keffi yawanci da hoton fasfo yake fara cin abinci, sai bikin aure, hawan sallah, da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa ranar yaye su. A nan hannu ke faɗawa: ya san haske, ya san yadda ake kwantar wa mai kunyar kyamara hankali. Hoton fasaha kuwa yana farawa ne ranar da mutum ya ɗauki hoton da babu wanda ya yi odarsa.

Mai ɗaukar hoto Samuel Fosso ya bi wannan hanya. Yaƙin Biyafara ya raba shi da Najeriya, ya buɗe shagonsa a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. Da rana ya ɗauki masu zuwa shago, da dare ya ƙarasa ragowar fim a kan kansa, yana sauya tufafi da tsayuwa, wasu hotunan ya aika wa kakarsa. Sai a 1994, a baje kolin hotunan Afirka na farko a Bamako, duniya ta san da shi. A 2008 ya fitar da "African Spirits", inda ya shiga kamannin su Mandela da Malcolm X.

Ni a ganina matashin Keffi ya fi Fosso sa'a, ga Abuja a kusa, ga bikin baje kolin hotuna na LagosPhoto da ake yi tun 2010. Abin da masu zaɓen hotuna ke nema shi ne jerin aiki a kan jigo ɗaya, ko rawani ne, ko lalle, ko fuskokin 'yan kasuwa, tare da taƙaitaccen bayani da yardar wanda aka ɗauka.