Taya Ta Yi Faci A Yankara

Wata Asabar da la'asar, a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, na tarar da wani masunci tsaye kusa da Yankara. Yana jan kwalekwale bisa ƙaramar tirela zuwa madatsar ruwa ta Mairuwa, sai tayar tirelar ta yi faci. Safayar motarsa ta ƙi shiga, gama ramukan noti ba ɗaya ba ne. Ga rana tana faɗuwa, hanyar kuwa ba a son dare a kanta saboda 'yan bindiga. Da kyar muka samo mai faci a gari kafin magariba.

To, mai karatu, tirela tana bukatar tata safayar, da sifana daidai notinta. In ta same ka, ka sauka daga kwalta, amma kada ka kwance tirelar daga mota. Ka zuba ganye a hanya domin masu zuwa, ka tokare ɗaya tayar da duwatsu. Ka sassauta noti tun taya tana ƙasa, sa'an nan ka sa katako ƙarƙashin jak, ka ɗaga. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashi.

Iyalinka suna jiranka. Ka duba kayan nan tun a gida.