Yadda Za Mu Koyi Karanta Hasashen Ruwan Sama

Mu mutanen Tasawa da Mayahi, abincinmu na shekara yana rataye ne a kan wata uku ko huɗu na damina. Wanda ya yi shibka da yayyafi, sannan ruwa ya ɗauke, ya yi asarar iri. Shi ya sa kakanninmu suke lura da zuwan shamuwa da juyawar iskar bazara. Waɗannan alamu suna nan da amfaninsu. Yau kuma mun sami ƙari, wato hasashen yanayi da muke ji a rediyo, muke kuma gani a wayar hannu.

Daga ina hasashe yake fitowa?

Kowace rana ma'aikatan yanayi na duniya suna auna zafi da iska da laimar da ke cikin iska. Taurarin ɗan Adam kuma suna ɗauko hoton gajimare daga sama. Ana zuba duk wannan awo cikin manyan na'urori masu lissafi, a Turai da Amurka. Na'urar tana lissafa inda iska za ta nufa gobe da jibi da gata. Ta Amurka tana sabunta lissafinta sau 4 a rana. Yawancin abin da waya take nuna mana daga irin waɗannan na'urori yake fitowa.

A Yamai muna da ma'aikatar yanayi ta ƙasa, da cibiyar AGRHYMET wadda aka kafa a 1974. Masanansu suna duba lissafin, su gyara shi bisa sanin ƙasarmu. Kafin kowace damina kuma sukan haɗu da masanan ƙasashen Sahel, su faɗi yadda ake sa ran daminar za ta kasance.

Abubuwa huɗu da mai koyo zai riƙe

1. Hasashe lissafi ne, ba alkawari ba. In an ce kashi 70 cikin 100, ana nufin a cikin ranaku goma masu irin wannan alama, bakwai ake samun ruwa. Sauran ukun ba a samu.

2. Na kusa ya fi na nesa tabbas. Hasashen gobe da jibi abin dogaro ne fiye da na kwana goma.

3. Na'ura ba ta san gonar kowa ba. Tana raba ƙasa gida-gida, kowane gida ya kai kilomita da yawa. Ruwanmu kuwa yakan sauka a wannan ƙauye, ya tsallake na kusa da shi.

4. Babban hadari daga gabas yake tasowa, ya nufi yamma, kuma yana da sauri ƙwarai. In ɗan'uwa ya bugo waya daga Damagaram ya ce hadari ya wuce su, mutanen Tasawa su kintsa, na Mayahi ma su sa ido.

Mu gwada da kanmu

Hanyar koyo ita ce gwadawa. Mu nemi ma'aunin ruwan sama wajen malamin gona. Mu kafa shi a fili, nesa da itace da katanga. Mu ja layi a tsakiyar shafin littafinmu. A dama mu rubuta abin da rediyo ko waya ta faɗa. A hagu mu rubuta abin da ya sauka, da kwanan wata. Kafin kaka za mu gane hasashen da ya fi dacewa da garinmu, da kuma inda yake kuskure.

Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. Masana aikin gona sukan ba da shawara a jira ruwan da ya kai milimita 20 kafin a shibka hatsi. Bayan haka a saurara: in ana hasashen ruwa zai daɗe bai dawo ba, a rage wani iri a rumbu.

Lafiya da rai

Hasashe yana ceton rai. A ƙarshen watan Agusta na 2024, ruwa mai yawa ya sauka a birnin Maraɗi cikin ɗan lokaci, gidaje suka rushe, mutane suka rasu. Saboda haka in an yi gargaɗi, mu fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin ƙasar da ya tsage. Masu zama kusa da Gulbin Kaba da sauran kwaruruka su hau tudu da bisashensu. In ana tsawa, kada mu fake gindin gawo ko wani dogon itace da ke tsaye shi kaɗai. Mu koma gida tun iskar gaban hadari ba ta iso ba.

Ruwa na Allah ne, shi yake saukar da shi inda ya so. Amma wanda ya iya karatu, ya iya riƙe alƙalami, ba zai yi shibka cikin duhu ba. Bana kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta kafa ma'auninta, ta buɗe littafinta.