Ko Kun Sani? Akwai maganar da ita kanta aiki ce

A wajen ɗaurin aure a Gwarzo ko Kabo, idan waliyyin amarya ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, ba labari suka ba jama'a ba. Da furucin nan aure ya ƙullu. Ba a tambayar ko gaskiya ne ko ƙarya. Abin tambaya shi ne ko ya inganta: mai maganar waliyyi ne? An ambaci sadaki? Akwai shaidu? Idan wani baƙo daga gefe ya maimaita kalmomin nan sak, babu abin da zai ɗauru.

Masanin falsafa J. L. Austin na Jami'ar Oxford ya gina nazari a kan irin wannan magana a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1955, aka buga su a littafi a 1962. Amma malaman balagar Larabci sun riga shi da ƙarnuka: sun raba zance gida biyu, habari mai ɗaukar gaskiya ko ƙarya, da insha'i wanda ba ya ɗauka. Ɗaliban zaure a ƙasar Kano suna karanta wannan rabo a Uƙudul Jumani na Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505.