Taro Ba Ya Rainon Matashi

Duk wanda ya zaga majami'un Minna ranar Lahadi, daga Bosso zuwa Tunga har Chanchaga, ba zai ce an yi watsi da matasa ba. Ga Zumuntar Matasa, ga ƙungiyar mawaƙa, ga 'yan Birged maza da mata da gangunansu, ga ajin baftisma, a makarantun sakandare kuma ga ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS da aka kafa a Gindiri tun 1957. Sai dai akwai tambayar da ya kamata dattawan kowace ikkilisiya su yi wa kansu: idan yaro ɗan shekara 15 ya ɗauke ƙafa mako uku, wane babba ne zai lura har ya taka zuwa gidansu? Inda amsar ta zama babu kowa, to shirin yana tara jama'a ne kawai. Abin da ke riƙe matashi shi ne babban mutum guda, mai hankali, wanda ya san shi, yake bibiyar lamarinsa na tsawon lokaci.

An gwada wannan magana da bincike. A 1995 aka fitar da sakamakon nazarin shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, inda aka bi yara 959 'yan shekara 10 zuwa 16 na tsawon wata 18. Waɗanda aka haɗa da babban da ke kula da su, yiwuwar su fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi, gudun makaranta ma ya ragu sosai. Amma da Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake duba alƙaluman a 2002, sai suka gano abin da ya fi shafar coci: ribar ta fi yawa inda dangantakar ta kai shekara guda ko fiye, inda kuwa ta mutu kafin wata uku, yaran sun koma baya wajen ganin darajar kansu. Ke nan dattijon da ya ɗauki yaro cikin zumuɗin wa'azin Lahadi, ya manta da shi bayan Kirsimeti, gara ma a ce bai fara ba.

Wani zai ce ai Amurka daban, mu nan ɗa na kowa ne, akwai kawu da gwaggo da maƙwabta. Haka ne a ƙauye, kuma haka yake a da. Minna ta yau cike take da ma'aikatan da suka baro danginsu a wasu jihohi, da iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Shiroro da Munya da Rafi, suna cunkushe a ɗakin haya. Kawun yana can nesa, idan ma yana raye. Wanda ke kusa da yaron shi ne wayar da ke hannunsa da abokan bakin layi, a garin da faɗan 'yan daba ya sha tilasta wa mutane rufe shaguna. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 na amfani da miyagun ƙwayoyi, kuma ba wanda zai rantse cewa babu 'ya'yan masu zuwa coci a cikinsu.

Wasu iyayen kuma na ganin haɗa yaro da wani babba shiga hurumi ne. Gaskiya ba wanda ya kai uwa da uba tasiri a kan bangaskiyar yaro. Binciken Christian Smith kan matasan Amurka, wanda ya fito a 2005, ma haka ya nuna. Amma kunya gadon al'adarmu ce. Yarinyar da saurayi ke matsa wa lamba, ko yaron da ya faɗi jarrabawar NECO yana ɓoye sakamako, ba Baba za su fara tunkara ba. Wata Mama a Zumuntar Mata, ko wani kafinta da ke cikin dattawa, shi ne zai ji, ya lallashi matashin, sannan ya raka shi gaban iyayen. Ai Timoti ma yana da uwa da kaka masu bangaskiya, Afiniki da Loyis, duk da haka Bulus ya ɗauke shi a matsayin ɗa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na amana. An sha jin labarin manyan da suka fake da addini suka lalata yara, a coci-coci da makarantu na ƙasashe da dama, kuma wanda ya ce hakan ba zai faru a majami'arsu ba shi ne ya buɗe ƙofa. Maganin abin shi ne tsari. Majalisar dattawa ta tantance mutum, ya zama wanda aka san shi shekaru, ba baƙon jiya ba. Namiji da yaro, mace da yarinya, da sanin iyaye. A riƙa haɗuwa a fili, harabar coci ko shago ko tsakar gida, ban da ɗaki a rufe, ban da saƙon waya na tsakar dare. Yaron kuma ya san wani na biyu da zai kai wa ƙara ba tare da an ce ya yi wa babba rashin kunya ba.

Batun rashin lokaci kuwa ba ya da ƙarfi. Sa'a guda a mako ta isa, kuma ba sai wa'azi ba: duba littafin makaranta, koya ɗinki ko gyaran babur, tambayar ina aka kwana kan fom ɗin JAMB. Kuɗin da ake kashewa kan lasifika da rigunan taron shekara ya ninka abin da wannan zai ci.

Don haka, fastoci da dattawan ECWA da Katolika da Angilikan da Baptis da sauran ikkilisiyoyin Minna, ku ɗauko rajistar matasanku 'yan shekara 13 zuwa 19, ku rubuta sunan babba guda a gaban kowane suna, kuma kada ku karɓi wanda ba zai yi alkawarin shekara guda cur ba.