Kafin a Sayi Buhun Taki, a Fara Sanin Gonar

Da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas a ƙarshen watan Mayu, hirar manoma ba ta wuce farashin taki. Nawa kamfa ya kai, nawa ake sayar da yuriya, ko gwamnati za ta raba nata kafin shuka ta wuce lokacin sa taki. Mutum zai sayar da akuya ko ya ci bashi don ya ɗauko buhu biyu, amma da wuya ka ji ya tambayi ko abin da ke cikin buhun shi ne gonarsa ta rasa. Idan kaka ta zo amfanin bai kai yadda aka sa rai ba, sai a ce takin jabu ne, ko kuma ƙasa ta gaji. Wani lokacin haka ɗin ne. Sau da yawa kuwa takin ba shi da laifi, gonar ce ke fama da wata cuta daban wadda ba a bincika ba.

Ba wai manomi bai san ƙasarsa ba ne. Duk wanda ya tashi da fartanya a hannu ya san bambancin jigawa da fadama, ya san rairayi mai saurin shan ruwa da saurin bushewa, ya san laka mai kama ƙafa da damina ta kuma tsattsage da rani, ya san jangargari da tsakuwa, ya san fako inda ruwan sama ke zamewa ya wuce ba tare da ya shiga ba. Ya san gero da gyaɗa sun fi jin daɗin jigawa, shinkafa da rake sai fadama, masara kuwa ba ta yafe wa ƙasa mara ƙarfi. A Borno, manoman firki na jiran ruwa ya janye daga baƙar lakar nan su dasa masakwa, ta nuna da danshin da ƙasar ta riƙe ba tare da an ƙara mata ko ɗigo ba. Ciyawa ma tana ba da labari: inda ƙuduji ya mamaye dawa, ƙasar ta talauce, inda gawo ke tsaye, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na nesa kyau, domin itacen yana zubar da ganyensa da damina, kuma dabbobi na fakewa a inuwarsa da rani su bar kashi.

Masana ƙasa ba su zo da abin da ya rushe wannan sani ba. Gwajin farko da suke koya wa ɗalibi, manomi na yin irinsa tun kaka da kakanni: a jiƙa ƙasa kaɗan, a murza tsakanin yatsu. In ta wargaje tana ƙaiƙayi, yashi ya rinjaya. In ta dunƙule har ana iya mulmula ta kamar igiya a lanƙwasa ba ta karye ba, laka ce. Wanda ke son ya gani da ido sai ya cika kwalba rabi da ƙasa, ya ƙara ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, turɓaya mai laushi ta biyo bayan sa'o'i, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu tana yawo a ruwan. Kaurin kowane hawa zai nuna masa rabon kowanne a gonarsa.

Sai kuma zurfi, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Garma ba ta wuce taƙi guda, amma saiwar dawa na iya nutsawa fiye da mita ɗaya tana neman ruwa. Wanda zai sayi gona ko ya karɓi haya, ko zai dasa mangwaro da lemo, ya kamata ya haƙa rami kamar zurfin ƙugu ya duba bangonsa. In ya ci karo da marmara a kusa, to saiwa ma a nan za ta tsaya, kuma da ruwa ya ɗauke na mako biyu shuka za ta fara yaushi. In ya ga ƙasar can ciki ta yi toka-toka da ɗigon tsatsa, alamar ruwa na kwanciya ke nan. Shinkafa za ta so wurin, masara da wake ba za su so ba. A kan irin waɗannan abubuwa, haɗe da ruwan sama da gangaren fili, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gina tsarin da ta fitar a 1976 na rarraba filaye: wanda ya dace sosai, wanda ya dace matsakaici, wanda ya dace da ƙyar, da wanda bai dace ba. Abin lura a tsarin shi ne ba a yanke wa fili hukunci gaba ɗaya. Kullum tambayar ita ce: ya dace da wane amfani?

Inda ido da yatsa suke gazawa shi ne abin da ya shafi sinadarai, kuma a nan ne kuɗin manomi ke salwanta. Yawancin ƙasar Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar tsohuwa ce, ruwa da zafin rana sun daɗe suna wanke ta, kuma can arewa yashi ne da iska ta tara. 'Yar lakar da ke cikinta ba mai riƙe abincin shuka sosai ba ce, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke ba ƙasa baƙi da ƙarfi kuwa a gonaki da yawa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sinadarai biyu ne suka fi ƙaranci, naitrojin da fosfaros. Na ukun da ke cikin kamfa, wato fotasiyam, bai cika yin ƙaranci kamar su ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙurar hunturu da muke tsinewa: tana tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ɗauke da fotasiyam da kalsiyam, ta sauke su a gonakinmu kyauta kowace shekara. Saboda haka mai sayen kamfa 15:15:15 a irin wannan gona yana iya biyan kuɗin abin da ba shi ya fi buƙata ba, alhali abin da ya rasa bai samu isasshe ba.

Shukar kanta takan yi ƙorafi, in an iya karanta ta. Masarar da ta rasa naitrojin, ganyenta na ƙasa ne ke fara yin rawaya daga tsini ya bi tsakiyar ganyen. Wadda ta rasa fosfaros takan tsumbure tun tana ƙarama, gefen ganyenta ya yi shuɗi-shuɗi mai ja. Rashin fotasiyam kan ƙone bakin ganye. In kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari, to a zargi sulfa ko zinki, kuma ƙara yuriya ba zai yi maganinsu ba. Matsalar wannan karatu ita ce kafin alamar ta bayyana an riga an yi asarar wani ɓangare na amfanin bana.

Akwai kuma tsami, wanda a ganina shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Ana auna shi da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsaka-tsaki. Yawancin amfanin gona sun fi son tsakanin 6 da 7. Tazarar lamba ɗaya ba ƙarama ba ce, domin ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. Idan aka sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam da ke cikin ƙasa yakan narke ya hana saiwa tsawo, ya kuma ɗaure fosfaros ta yadda shuka ba za ta iya sha ba ko da an zuba. Abin takaici, takin zamani mai naitrojin shi kansa yana ƙara tsami idan aka yi ta zuba shi shekara da shekaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara wani gwaji tun 1950 inda aka ware filaye ana sa wa wasu takin zamani zalla, wasu kashin shanu, wasu a haɗa. Filayen da aka daɗe ana ɗura wa naitrojin na zamani ba tare da kashin shanu ba sun yi tsami, waɗanda ake haɗa musu biyun suka fi riƙe ƙarfinsu. Maganin tsami farar ƙasa ce ta noma, tokar murhu ma tana taimakawa. A gonakin rani kuwa matsalar takan juya: inda ake ban ruwa babu magudana mai kyau, ruwan ƙasa na tasowa, rana ta busar da shi, gishiri da kanwa su taru a sama su yi fari. Manoman rani a wasu sassan Kadawa sun san wannan. Irin wannan fili magudana yake nema kafin taki.

Ba a sanin waɗannan sai an kai ƙasa ɗakin gwaji, kuma sakamakon ba ya fin samfurin da aka kai kyau. Ba a ɗiba daga wuri guda. Ana zagaya gonar a karkace, a tsaya wuri goma sha biyar zuwa ashirin, a share ciyawar sama, a yanko ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20, a tara a bokiti mai tsabta, a cakuɗa, a ɗebi kamar rabin kilo a shanya a inuwa. A kauce wa gindin gawo, da shuri, da inda shanu suka kwana, da inda aka tara kara aka ƙona, don za su nuna gonar ta fi yadda take. In gona ɗaya tana da tudu da kwari, kowanne da nasa samfurin. Kada kuma a zuba a tsohon buhun taki. Kuskure ne da ake yawan yi, kuma ɓurɓushin da ya rage a ciki ya isa ya ɓata lissafin.

Ko sakamakon ya fito, a ƙasa mai yashi wadda ta rasa ruɓaɓɓen abu, zuba takin zamani kamar zuba ruwa ne a rariya: ruwan sama biyu masu ƙarfi sun isa su wuce da shi ƙasa da inda saiwa take. Ƙauyukan da ke kewaye da Kano, waɗanda mai bincike Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari, sun noma gonakinsu kowace shekara ba hutu ba tare da sun mutu ba, saboda jakuna na fita da takin bola daga birni, ana tara kashin awaki da tumaki a kai gona, ana kuma gauraya hatsi da wake da gyaɗa. Yau kara ya zama kuɗi, ana kwashe shi tas don dabbobi da danni da girki, abin da ya rage a banka masa wuta wajen sharar gona. A Nijar, masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan taki kaɗan, kamar cikin marfin kwalba, a ramin shuka ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi amfani a kan watsa shi ko'ina. A yankin Tawa kuwa, da ramukan tassa da ake cusa wa taki aka dawo da fako ya koma gona.

Gwamnatoci sun fi mayar da hankali ga yawan buhuna. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kusan kilo 8 a kowace hekta zuwa 50 kafin 2015. A ƙarshen 2016 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki, aka rinƙa fitar da kamfa 20:10:10. Ƙoƙari ne, amma haɗi ɗaya ba zai dace da yashin Daura da jar ƙasar Kudancin Kaduna da lakar Hadeja a lokaci guda ba. Habasha ta bi wata hanya: daga 2012 ta shiga auna ƙasar gundumominta, ta gano ƙarancin sulfa da boron da zinki a wurare da yawa, ta sauya irin takin da take rarrabawa. Nijeriya ta kafa cibiyar kula da aikin masana ƙasa da doka a 2017, kuma akwai ɗakunan gwaji a Samaru da tsangayoyin aikin gona na jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin gona da zai karɓi samfur daga ƙauye, ya dawo ya fassara wa manomi lambobin zuwa buhu nawa, wane iri, a sa yaushe.

Kafin a samu hakan, ƙungiyoyin manoma na iya haɗa kuɗi su tura samfuran gonakinsu tare, tunda gonakin da ke fili ɗaya sukan yi kama da juna. Lokacin ɗiba shi ne bayan girbi, cikin rani, don sakamakon ya iso kafin a shiga kasuwar taki, kuma gwaji ɗaya kan wadatar na shekara uku zuwa huɗu.